Yoyon Ɗakin Goggo

Kwanon rufin ya iso gidanmu tun kafin ruwan farko ya sauka. Bandir biyu, sabo fil, aka jingine shi a bangon ɗakin Goggo. Kafinta ya hau ya duba, ya ce aikin bai kai na yini guda ba, ranar Asabar zai zo. Yaya ne ya saya, Goggo ta yi ta sa masa albarka har ya gaji da amsa amin. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma a bayanta Yaya ya girma.

Ranar Juma'a da la'asar aka kece da ruwa. Yaya ya leƙo ya same mu, ni da ita, muna jera robobi da bokiti da wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin wuraren da ke zuba. Wuri huɗu ne, ɗaya daidai ƙafar gado. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Na ɗauka tausayi ne ya kama shi. Sai na ga ya ɗaga hannu, ya haɗa yatsunsa kamar taga, ya rufe ido ɗaya yana leƙen Goggo ta ciki.

"Kada wanda ya taɓa komai," ya ce. "Auta, ajiye bokitin nan inda yake."

Yaya mai shirya fim ne, kuma a lokacin yana kan wanda ya ce shi zai fito da sunansa. Labarin wani ɗan takara ne da wani kamfani ya saye shi tun daga hula har takalmi. A ciki akwai fitowar da ɗan takarar zai ziyarci wata tsohuwa a ɗakinta mai yoyo, da masu hoto a bayansa, ya yi mata alkawarin rufi, ya miƙa mata kwalin kaya. Da an gama hoto sai mutanen kamfani su karɓe kwalinsu su wuce gida na gaba. Mako biyu Yaya yana neman ɗakin da zai dace, duk wanda aka haɗa masa sai ya ce talaucin fenti ne, ba ya kama ido. Ashe abin nema yana bayan kicin ɗinsa.

"Ni da ban san komai ba?" in ji Goggo tana dariya, da ya ce ita za ta fito a tsohuwar.

"Ba abin da za ki yi, Goggo. Ki zauna kawai yadda kike. Kwana uku ne, sai a yi miki rufinki."

Ranar Asabar kafinta ya zo da gudumarsa, aka ba shi haƙuri ya koma.

Ni ma na samu aiki. Tun da na gama jami'a ina zaune a gidan Yaya ina jiran takardun da na rarraba su yi magana. Ya miƙo min littafi da alli ya ce ni ce mai kwantiniti. Aikin shi ne duk abin da kyamara ta gani yau, gobe ma ta same shi haka, ko da bayan wata guda za a dawo a ƙarasa. In robar ruwa tana dama, kada ta koma hagu. In ɗankwali ya karkace, a karkace zai zauna. Ya ce aikin ya dace da ni, tunda ba na magana sai kallo. Na zagaye ƙafafun gado da gindin kowace roba da alli, na rubuta kalar zanin Goggo, na zana shatar jiƙar da ke kan katifarta. Har daɗi na ji a ranar, wai ni ma ina da amfani.

Ɗaukar farko ta yi armashi. Wanda ya fito a ɗan takara, kowa Onorabul yake ce masa ko a wajen fim, ya shigo yana tsallake robobi yana tattare riga kada ta jiƙe. Ya durƙusa ya kama hannun Goggo ya rantse mata da rufi. Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta faɗi abin da ba a rubuta mata ba.

"Ɗan nan, wannan alkawarin sabo ne, ko na wancan zaɓen ne ka wanke ka goge?"

Mai kyamara ya kusa faɗuwa don dariya. Yaya ya ce "Kat!" aka tsayar da kyamara, ya rungume ta, ya ce tsohuwar nan zinariya ce. A kwana uku aka gama, kamar yadda ya faɗa.

A rana ta huɗu Manaja ya zo. Shi ne wakilin kamfanin da ya ɗauki nauyin fim ɗin, masu yin lemo da biskit. Matar Yaya ta fito da kofunan da ba a taɓa sha da su ba. Aka kunna masa abin da aka ɗauka, ya yi dariya har yana bubbuga gwiwa. Da ya gama sai ya goge ido.

"Darakta, aiki ya yi. Sai dai kwalin nan. Jan layin da ke jikinsa ya yi kama da namu."

"Ranka ya daɗe, ai ba suna a jiki."

"Mutane ba suna suke karantawa ba. A sake."

Yaya, wanda a gida ko gishiri ya yi yawa sai unguwa ta ji, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Sakewa tana nufin a jira ranar da Onorabul ba ya wani aikin, kuma ranar ta dace da ruwan sama. Tana kuma nufin ɗakin ya zauna yadda yake. Kafinta ya sake zuwa, aka sake ba shi haƙuri.

Damina ta kankama. Bango ya sha ruwa har ya yi baƙi daga ƙasa. Katifar ba ta bushewa. Da na fito da ita rana, Yaya ya dawo ya gan ta a tsakar gida, ya ce in mayar, shatar jiƙar za ta canja. Zanin da Goggo ta fito da shi ma aka hana wankewa, kada ya koɗe. Na koma jan gadon gefe in an watse, in mayar da shi kan alli da safe, amma ɗakin ƙarami ne, ka guje wa wannan yoyon ka faɗa wancan. Wata safiya na manta ban mayar ba. A gaban ma'aikata Yaya ya ce, "Wai ke digirin me kika yi? Gado guda ya gagare ki?" Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na ja gadon.

Ɗakina shi ne mafi bushewa a gidan, don haka tun farko aka cika shi da kyamarori da fitilu, ni kuma na koma kwana da 'ya'yan Yaya. Kwana biyu ina haɗa maganar a raina kafin na iya furta ta.

"Yaya, da an matsar da kayan nan gefe, sai Goggo ta riƙa kwana a ɗakina."

"Kayan haya ne. Kin san abin da numfashin mutum yake yi wa gilashin kyamara?"

Na koma wajen matarsa na ce ko falo.

"Falo? Inda Manaja yake zama? Haba Auta. Kuma ke kin san tsofaffi, ba sa son a raba su da ɗakinsu. Je ki tambaye ta ki ji."

Na tambaye ta. Ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Aikinsa ne. In ban taimake shi ba wa zai taimake shi? Saura kaɗan."

Aka sake ɗauka da farin kwali. Manaja ya kalla ya ce yanzu kuma abin da ya dame shi, kamfanin cikin fim ɗin ya yi kama da na gida. A mai da shi na wata ƙasa mai nisa, a sa wa mutanensa baƙin tabarau. Aka sake. Ya dawo ya ce an duba a sama, karɓe kwalin nan ya yi muni, zai sa jama'a su tsani kamfanoni gaba ɗaya, alhali su ne ke ba matasa aiki. A bar wa tsohuwa kwalinta. Maganarta ta wanke alkawari ma a cire, tana iya ɓata wa wasu manya rai. Sannan in ba damuwa, a ajiye kwalbar lemonsu a kan teburin gefen gado, ta fuskanci kyamara.

Da Manaja ya tafi, mai kyamara ya ce, "Darakta, to yanzu wa muke zagi a fim ɗin?"

"Tsarin," in ji Yaya. "Tsarin muke zagi. Ba za ka gane ba."

A mako na uku tarin ya fara. Da fari ɗan gyaran murya ne, daga baya ya koma wani abu mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, kamar ana jan tebur a kan siminti. Ranar da ya turnuƙe ta ana tsakiyar ɗauka, na zaci za a tsaya. Mai ɗaukar sauti ya danna abin kunnensa, ya ɗaga wa Yaya babban yatsa.

"Oga, irin wannan ba a samunsa a kasuwa. Ko wata guda ka ba 'yar wasa ba za ta yi shi ba."

Onorabul ya ce ai sana'ar nan sai da sadaukarwa, shi ma ya taɓa yini cikin kogi saboda fitowa ɗaya. Yana faɗa yana zaune a kujera ƙarƙashin lema, wani yana riƙe masa shayi.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, ya sayo maganin tari a kemis. Ya ba ni kwalbar ya ce in riƙa ba ta cokali biyu, amma bayan an tashi daga aiki, don yana sa ta barci, kuma muryar tana canjawa. Na karɓa. Na rubuta a littafina. Haka nake yi da komai.

Littafin ne ya fara nuna min abin da idon gida ya ƙi gani. Ina ɗaukar hotonta a waya kowace ranar aiki don in gwada da na baya. Goggon makon farko tana da kumatu. Ta mako na biyar awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu, zanin yana zagaye ta ya yi saura. Na kai wa Yaya hotunan biyu. Na ce a raina ko bai ji ta bakin ƙanwa ba, zai ji ta bakin aiki.

"Ba su dace ba, Yaya. Ta rame. A kai ta asibiti."

Ya daɗe yana kallon hotunan. Sai fuskarsa ta washe.

"Kin san me? Za mu rubuta a ƙasa, bayan wata shida. Ɗan takara ya ci zaɓe, ya manta da ita, ga yadda ta koma. Auta, kin yi aiki! Wannan ita ce fitowar ƙarshe. Da an ɗauka, da kaina zan kai ta."

"Amma Yaya..."

"Ke kin fi ni sonta ne? Ni ta goya ko ke? Fim ɗin nan don irinsu nake yin sa. Miliyoyin tsofaffi suna kwana a ƙarƙashin yoyo, ba mai magana a kansu. Ni na tsaya zan yi, sai a cikin gidana za a karya min gwiwa?"

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce tsufa ne kawai, kakarta ma haka take yi duk damina, kuma da rani sai ta miƙe.

Sai ruwa ya ɗauke. Kwana tara ba ko ɗigo. Bango ya fara shan iska, Goggo ta fara fitowa bakin ƙofa tana shan hantsi, har ta cinye abincin da na kai mata. Ni ina murna, Yaya yana fita tsakar gida yana harare-hararen sama kamar ta ci masa amana. Onorabul zai yi tafiya ranar Litinin, Manaja yana waya.

Ranar Lahadi da hantsi, rana tana ƙwallewa, na ga ana jan tiyo daga famfon tsakar gida ana hawa da shi kan rufin Goggo.

Aka rufe taga da baƙin ƙyalle don ɗakin ya yi duhun hadari. Aka sa mata zanin nan da ya yi wata ɗaya da rabi bai ga sabulu ba. Abin da za ta yi kaɗan ne, in ji Yaya: ta tashi daga gado, ta ɗauki robar da ta cika, ta nufi ƙofa za ta zubar, ta tsaya ta kalli hoton ɗan takara da ke manne a bango. Shi ke nan.

"A saki ruwa! Akshin!"

Ruwan famfo ya fi na sama ƙarfi. Ta wuri huɗun nan ya riƙa zubowa kamar an buɗe bakin tulu, yana fantsama a gado, yana sauka a kafaɗarta. Aka yi ɗauka ta farko, Yaya ya ce ta yi sauri. Ta biyu, kwalbar lemo ta juya baya, laifina ne. Ta uku, wanda ke kan rufi ya taka tiyon. Kafin ta biyar leɓɓanta sun canja kala, haƙoranta suna haɗuwa.

"Goggo, ɗaya tak. Don Allah. Ɗaya."

"To, ɗan nan," ta ce.

Ta tashi. Ta sunkuya ta ɗauki robar. Taku biyu ta yi tarin ya kama ta, robar ta suɓuce, ruwa ya malale. Ta dafa bango, hannun ya zame, ta tafi ƙasa a hankali har ta kwanta a cikin ruwan, ƙirjinta yana sama yana ƙasa, ba sauti.

Na juya na kalli Yaya. A wurin ɗaukar fim mutum ɗaya ne yake da ikon tsayar da kyamara, ko gobara ta tashi sai ya ce a tsaya. Idonsa yana kan ɗan allon da ke gabansa. Ya ɗaga hannu ɗaya yana hana kowa motsi, ya matsa kusa da kunnen mai kyamara, na ji shi sarai.

"Matsa kan fuskar. A hankali."

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Kat! Kat, na ce! A kashe ruwan nan!"

Na ratsa ta gaban kyamara, na ture fitila, na tallafo kanta. Jikinta zafi kamar garwashi a cikin ruwan sanyin nan. A bayana Yaya yana cewa, "Kin shiga hoto! Daƙiƙa biyar ya rage, kin shiga hoto!" Mai kyamara ne ya ajiye kayansa ya kama min ƙafafunta. A motar Onorabul aka kai ta, bayan ya shimfiɗa leda a kujera.

Likitar ta saurari ƙirjinta ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"A ina baiwar Allahn nan take kwana? A rijiya?"

"Tsufa ne, likita," in ji Yaya. "Kin san su da ƙin asibiti."

"Yaushe tarin ya fara?"

Ya ce kwana uku ko huɗu. Na buɗe littafina, wanda har lokacin yana hammatata a jiƙe. Na karanta mata ranar da ya fara, da ranar da ya koma na ƙirji, da ranar da ta daina cin abinci. Babu abin da ban rubuta ba. Likitar ta ce, "Ke duk kina gani?" Na ce eh. Ta juya ta koma kan Goggo, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kwana goma sha biyu muka yi. Yaya ya zo sau biyu, da kwalin lemon kamfani. Aka sallame mu da bayanin cewa huhu ɗaya ba zai koma yadda yake ba. Matar da take share tsakar gida kafin kowa ya tashi, yanzu daga mota zuwa ƙofa sai da ta huta sau biyu.

Muna shiga gida hasken ya doki idonmu. Sabon rufi a kan ɗakin Goggo, yana walƙiya a rana. An yi wa bango fenti, an sa sabuwar taga. Goggo ta tsaya ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa.

"Kin gani? Na ce miki ba zai manta da ni ba. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Sai muka matsa kusa. Akwatinta da buhun kayanta suna baranda, an rufe su da tabarma. A cikin ɗakin tebur biyu ne da kwamfutoci, da wani mutum da ban sani ba yana zaune ya ba mu baya.

Yaya ya fito yana murmushi. "Sannu Goggo, sannu da jiki. Na ɗan lokaci ne. Masu tace fim suna buƙatar wuri, kuma kin san na'ura ba ta son danshi, shi ya sa na sa aka yi rufin da gaggawa. Ki zauna wajen Auta tukuna, an kwashe kayan."

Daga baya na tambayi kafinta. Ya ce bai kai azahar ba ya gama.

Yanzu a ɗakina take, katifarta kusa da tawa. Fim ɗin yana nan fitowa. Na ji Yaya a falo yana gwada abin da zai faɗa a gidan rediyo, yana maimaitawa don ya zauna masa: wai lokaci ya yi da za a tona asirin masu cin abinci da hawayen talaka, masu zuwa da kyamara su tafi su bar tsohuwa da yoyonta. Matarsa tana cewa ya ƙara ɗaga murya a wajen "hawaye". Ɗan takarar cikin fim ɗin ma sau ɗaya ya zo ya yi ƙaryarsa ya tafi, bai hau rufin kowa da tiyo ba. Kuma shi ba a bayanta ya girma ba. Ni ma ba na cire kaina. Wata ɗaya da rabi ina zagaye ƙafar gado da alli, ina gyara wa kwalbar lemo zama, da digirina.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata na da. Mai tacewa ba ya son abin kunne, a lasifika yake aiki. Fitowar ƙarshe ita ce ta fi ba su wahala, don sai sun yanke daidai inda hannuna ya shigo. Tun safe yake mayar da ita baya yana sakewa: ƙarar ruwa, faɗuwar roba, sai tarin. Ya tsayar, ya koma, ruwa, roba, tari.

Jiya ina ba ta magani aka sake kunnawa. Goggo ta dakatar da cokalin da hannu, ta karkata kai tana saurare har aka kai ƙarshe. Ban sani ba ko ba ta gane muryar ba ce, ko kuwa ta gane.

"Auta," ta ce, "wannan baiwar Allah da take ta tari tun safe, ba ta da kowa ne?"